Yadda Na Tafi Kamun Shak da Goran Kogin Gwaram

Ku matso kusa, jama'a, in ba ku labarin doguwar tafiya guda ɗaya tak da na taɓa yi a rayuwata. Wanda ya san ni ya sani, ko Kano aka ce in je, sai na kwana uku ina neman uzuri.

Shekarun baya, lokacin naira ba ta daɗe da fitowa ba, tsofaffi na ta mita a mayar musu da fam da sulensu, ina saurayi a Gwaram, sana'ata su. Gadon gidanmu ne. Kogin garinmu na san shi kamar tsakar gidanmu. Na san gurbin da giwan ruwa ke kwanciya, na san inda tarwaɗa ke ɓuya idan ruwa ya ja baya. Ina da aboki guda, tare aka yi mana kaciya, tare muka koyi kifa ciki a kan gora mu ratsa kogi. Bambancinmu ɗaya: shi ba ya iya zama wuri ɗaya, ni ba na iya barin wuri ɗaya. Shi ya laƙa mini suna Sarkin Ɗaka. Da aka fara cewa kuɗin mai ya zubo a kudu, ya bi motar shanu ya tafi Ikko. Shekara biyar ba mu ga ƙeyarsa ba, sai wasiƙa.

Amma fa wasiƙun! Malamin firamare ake kira ya karanta a zauren gidansu, mu kuma mu cika wurin har waje. Abokina yana cewa ya zama babban masunci a bakin teku. Wai akwai wani kifi ana ce masa shak, tsawonsa ya fi ƙofar zaure, haƙoransa layi-layi, shi kuwa daga kan yashi yake jawo shi waje. Kafin la'asar labarin ya kai teburin mai shayi, kafin sati ya kai Kwandiko, kifin ya ƙara kamu biyu a hanya.

Mahaifiyarsa, Inna muke ce mata duka, shi kaɗai ne ɗanta namiji. A shekara ta biyar cutar yana ta fara rufe mata ido. Wata rana da hantsi ta aika a kira ni. Na same ta a bakin ƙofar ɗakinta tana tsince wake da lalube.

Ta ce, “Ka je ka zo mini da shi. Idon dama ya tafi, na hagu ma ya kama hanya. Ina so in ga fuskarsa kafin ya ƙarasa rufewa.”

Na ce, “Inna, ni? Ni da ko Birnin Kudu na je sai na dawo na kwana a gida?”

Ta ce, “Shi ya sa. Duk wanda na aika, idan ya ga Ikko zama zai yi. Kai kuwa ko ɗaure ka aka yi, sai ka tsinke ka dawo.”

Na ce to.

Nan ne fa wautata ta fara. Na ce a raina, mutum ya zama sarkin masuntan teku, ni ɗan gado in je masa hannu rabbana? Ai dole in tafi da kayan aiki, ko sau ɗaya ne mu yi su tare kafin mu juyo. To amma wane kaya ake kama kifin da ba wanda ya taɓa gani a duk ƙasarmu? Sai na yi abin da hankalina ya ba ni: duk abin da muke kama giwan ruwa da shi, a ninka shi sau goma.

Na tafi wurin wani maƙeri a Kwandiko na ce ya yi mini ƙugiya.

Ya ce, “Bakin kifin kamar yaya?”

Na ce, “Kamar ƙofar rumbu.”

Ya dube ni ya ce, “Ka gan shi?”

Na ce, “A wasiƙa.”

Ya yi dariya har ya saki zugazugi. Amma ya ɗauko guntun ƙarfen mota ya ƙera mini wata ƙugiya wadda ko cinyar saniya aka rataya mata ba za ta miƙe ba. Ranar kasuwa na je Birnin Kudu na sayi igiyar rama, irin wadda ake kayar da bijimi da ita, doguwa har mai sayarwa ya tambaye ni ko rijiyar gari aka ba ni kwangila. Koto kuwa na haɗa namu na gida, dusar gero da daddawa, wanda tarwaɗa ba ta iya wuce shi. Na ɗora da babban gorana na su.

Mahaifiyata ta tsaya tana kallona ina ɗaure kaya, ta ce, “Mutum aka aike ka ka ɗauko, ko ƙaura za ka yi?”

Mota zuwa Kano, daga nan jirgin ƙasa. Kwana biyu ina rungume da gora kamar mai jego. Wata mata ta miƙo mini kwano wai in sam mata fura. Warin daddawa kuwa ya sa aka bar mini benci guda ni kaɗai.

A Ikko na sha tambaya a unguwar Hausawa kafin wani ɗan Birnin Kudu ya gane wanda nake nufi. Bai kai ni bakin teku ba. Ya kai ni inda ake sauke kaya daga jiragen ruwa. Mutane ne layi, kowa da buhun siminti a kafaɗa, sun yi fari fat tun daga gashi har ƙafa. Na wuce abokina sau biyu ban gane shi ba. Shi ne ya sauke buhu ya ce, “Sarkin Ɗaka? Wa ya mutu?”

Na ce, “Ba wanda ya mutu. Idon Inna ne ke mutuwa.”

Muka koma gefe muka zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya rame, kafaɗarsa ta yi kanta. Ya dubi gora, ya dubi igiya, ya sunkuyar da kai. Ya ce shi bai taɓa kama ko ɗan shak ba. Ranar da ba aiki yakan je bakin teku ya kalli wasu masunta ’yan Gana suna yi, shi ke nan. Wasiƙar farko ya rubuta ne don kada Inna ta san dako yake yi. Da aka aiko masa cewa duk gari na alfahari da shi, sai ya kasa ja da baya.

Na ce, “To ka tashi mu tafi. Inna fuskarka ta ce, ba ta ce kifi ba.”

Ya ce, “Kai ba ka san Gwaram ba? In sauka a tasha a ce ina kifin, in ce musu me? In nuna musu farin kai?” Sannan ya ce, “Ko guda ɗaya ne in kama. In cire haƙoransa in riƙe a hannu. Wallahi ranar zan bi ka.”

Ni kuwa da ƙarfin hali na buga gora na ce, “Wannan ne kawai? Ai ga kaya na zo da su.”

Washegari ya kai ni bakin teku. Jama'a, ni da nake cewa na san ruwa, na tsaya baki buɗe. Ba tsallake. Can nesa jiragen siminti sun yi jerin gwano suna jiran layi kamar wani gari a kan ruwa. Ruwan kuma ba ya gudu gabas ko yamma irin na kogi, tasowa yake yi kamar katanga ya zo ya fāɗi a gabanka, ya koma ya sake ɗaukowa. Raƙumin ruwa ake ce masa. Na ɗebo na kurkure baki na tofar, na ce wa ya zuba gishiri haka.

Babban masuntan wani tsoho ne ɗan Gana, gajere, baƙi wuluk, yana jin Hausa irin ta zango. Abokina ya gaishe shi ya faɗa masa abin da ya kawo mu, bai ɓoye komai ba. Tsohon ya ce in baje kayana. Na baje da alfahari.

Ya ɗaga ƙugiyar da hannu biyu ya ce, “Wannan jirgi za ka tsayar da ita?” Mutanensa suka kwashe da dariya. Ya ce wanda zai fara, da ƙananan yake farawa, masu tsawon mutum ko ƙasa da haka, su ne ke zuwa kusa da gaɓa, kuma ƙugiyar da ta fi tafin hannu ba za ta shiga bakinsu ba. Ya ja igiyar ramata ya ce idan ta sha ruwan gishiri nauyi za ta yi, amma za ta yi maneji. Sai dai ko ta kai kaurin hannu, haƙori ɗaya ya isa ya raba ta biyu. Dole a sa waya tsakanin ƙugiya da igiya, mai tsawon gaba guda, don ita kifin zai tauna. Ya nuna mini tasu, wayar birkin babur ce suka murɗe biyu-biyu. Ya nuna mini dalmarsu mai ƙafafu kamar gizo-gizo, wadda ke kama yashi don kada ruwa ya dawo da koto gaɓa.

Da ya kwance ƙullin kotona ya sansana, sai ya ja da baya. Ya ce, “Malam, miya za ka yi masa?” Ya ce wannan kifi jini yake bi, sai ɗanyen kifi mai maiƙo, a yanka shi biyu a soka.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Saura gora. Ya ƙwanƙwasa shi ya ce wannan fa? Na ce hawa muke yi. Ya ce a ina? Sai na tuɓe riga na rungumi abina na shiga ruwa. Raƙumi na farko ya ɗaga ni ya maka ni da yashi, na tashi wando cike da ƙasa. Na biyu ma haka. Sai na tsaya na lura, na ga idan manya sun zo sun wuce, akwai ɗan sararin da ruwan ke numfasawa. Na jira wannan sararin na kifa ciki na yi ta tuƙi da hannu da ƙafa, sai ga ni a bayan raƙuman, ruwa lumui, ina lilo. Da na dawo ba mai dariya. Ashe babbar wahalarsu ke nan, kai koto bayan raƙuma ba tare da an tura kwalekwale ba.

Tsohon ya ce, “Ka bar mini wannan ƙwarya idan za ka tafi, ni kuma in ba ka ƙugiya da waya da dalma.” Muka tafa.

Ya koya mana sauran. A sa koto a gwangwani mai murfi kada jini ya ɗiga ina kan gora, in kai shi in juye in dawo da sauri, ba waiwaye. Sannan ya kafa turke mai ƙarfi a kan yashi, ya rataya masa guntuwar taya, ya ɗaura igiyar a jikin tayar, don idan kifi ya fizga, roba ta sha fizgar. Ya ɗaga yatsa a fuskata ya ce, “Igiya a turke. Ba a hannu ba, ba a ƙafa ba. A turke.” Na ce na ji, Baba.

Kwana uku muna zuwa da sassafe mu zauna har rana ta take. Abokina ya bar dako. Kullum mu jawo igiya mu tarar an cinye koto, ƙugiya fayau. Ni kuma zuciyata na Gwaram, ina tuna idon Inna na hagu, kowace rana da tata raguwar.

A rana ta huɗu na ce wa kaina, wannan turken ne ke cutarmu. A gidanmu ba a haka. Mahaifina ya koya mini idan kana jiran giwan ruwa, ka zagaya igiya a ƙugunka, don da jiki ake jin taɓin kifi, kana ji ka fizga ƙugiya ta kama. Turke ya san lokacin fizga? Da tsohon ya tafi gyaran taru can gefe, abokina kuma ya juya baya yana yanka koto, na kwance igiyar daga taya na yi mata zagaye biyu a ƙuguna, na ƙulle tamau, na zauna na miƙe ƙafa kamar mai jiran tuwo.

Ban daɗe ba na ji taɓi. Ɗan kaɗan, kamar yaro ya ja maka riga. Na ce yauwa, ga shi. Na tashi na fizga da ƙarfina.

Abin da na sani kawai, na ga sama, na ga ƙasa. Ana jana a kan yashi da ciki kamar buhun da aka ɗaura wa jaki. Na kafa dugadugai, suka yi kunya biyu kamar garma ta wuce. Kafin in yi salati ruwa ya kai mini gwiwa, ya kai ƙugu. Igiyar ta shige cikin nama, numfashi ya gagara. Na lalubi ƙullin, ya jiƙe ya ƙara ɗamewa.

Abokina ya faɗo ruwan ya cafke igiyar a gabana, muka ja tare. Wallahi muka tsayar da shi na ɗan lokaci. A lokacin ne muka gan shi. Cikin raƙumin da ya taso, ruwan ya yi haske kamar kwalba, ga shi a ciki a gicciye, toka-toka, da ƙaho guda a gadon baya. Ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Duk abin da abokina ya shekara biyar yana rubutawa, ga shi a bakin igiyarmu.

Sai ya sake ja. Ruwa ya kai mini ƙirji, ya kai wuya. Na ga wuƙar koto a hannun abokina. Ku ji wauta, ina shan ruwan gishiri ina ce masa, “Kar ka yanke! Naka ne! Kar ka yanke!”

Ya ce, “Rufe mini baki!”

Igiyar bijimi ce, ba ta yankuwa da sara ɗaya. Ya yi ta gurzawa, raƙumi ya rufe mu duka biyu, na ji har yanzu yana gurzawa a ƙarƙashin ruwa. Sai na ji sakayau. ’Yan Gana suka iso suka jawo mu kamar tsumma.

Ina kwance ina aman ruwa, tsohon ya tsaya a kaina yana faɗa da yarensu, ya gaji ya koma Hausa. “Na ce turke! Kai turke ne? Uwarka turke ta haifa?” Zanen igiyar nan har yau yana ƙuguna, jikokina na cewa ɗamara ce.

Abokina na zaune gefe da guntuwar igiya a hannu, yana kallon teku. Na ce masa ya yi haƙuri, na ɓata masa abu, gobe sai mu sake gwadawa, wannan karon a turke.

Ya ce, “Ba wata gobe. Dā ina jin kunyar in koma gida ba kifi. Ɗazu na hango kaina na koma gida ba kai, ina tsaye a gaban mahaifiyarka.” Ya jefar da igiyar. “Tashi, Sarkin Ɗaka. Kai ni gida.”

Mun sauka a Gwaram da azahar. Kafin mu karkaɗe riga an taru, kowa na leƙen kayanmu. Wani ya ce ina haƙoran? Sai abokina ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Ban taɓa kamawa ba. Dakon siminti nake yi. Sau ɗaya ya kama ƙugiyarmu, shi ma shi ya kusa kama mu.” Aka fashe da dariya. An yi damina guda ana tsokanarsa, daga baya aka samu wani abin dariyar aka manta.

Inna na ɗaka da muka shiga. Da ta ji sallamarsa ba ta amsa ba, ta taso da lalube ta kama hannunsa ta jawo shi tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi. Ta juya idon hagu, ta kawo fuskarta dab da tasa har hancinsu ya kusa haɗuwa. Ta daɗe a haka. Ya fara cewa, “Inna, maganar kifin nan…” Ta ce, “Tsaya, kar ka motsa, ina kallo.” Can ta ce, “Ashe gemu ka yi. Irin na babanka, a karkace.” Sannan ta sake shi ta ce a kawo masa ruwa.

Kafin kaka ta zagayo idon ya rufe gaba ɗaya. Shi ya riƙa jan sandarta har Allah ya karɓi abarsa. Bai sake komawa Ikko ba. Muka ci gaba da su a koginmu, ni da shi, har gwiwoyinmu suka ƙi. Yanzu shi ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa.

Idan na zauna ina tunawa, dariya nake fara yi, ta ƙare da ƙwalla. Na koyi cewa kowane ruwa da kayansa, kuma idan mai wuri ya ce maka turke, to turke. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne kwana huɗun nan da muka ɓata a bakin teku, muna neman abin da za mu nuna wa mutanen tasha, alhali wadda ta aike ni ko sau ɗaya ba ta tambayi kifi ba. Da kifin nan bai ja ni ba, da wataƙila mun kai wata guda muna jira, mu zo mu tarar ba sauran idon da zai ga gemun.

Ku fa, a cikin naku akwai wanda kunya ta riƙe a wani gari ya kasa dawowa? Wa kuke jira ya je ya ɗauko shi?